Gidan Gora a Keken Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne saboda a waya kuka ke cin ƙarfina, kai kuma kullum kana cikin ƙarar injuna. Mantuwar Baba ta wuce inda ka bar ta. Kowace safiya sai ya hau kekensa wai zai tafi shago, alhali shagonsa na dukanci an rushe shi tun da aka faɗaɗa titi. In bai gan shi ba sai ya yi ta gaba yana nema. Ranar Talata mai facin bakin layinmu ne ya tsinto shi bayan tasha, zaune a rana, leɓɓansa duk sun tsage. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Likita ya ce ƙodarsa ba za ta jure irin wannan kuma ba.

Na sa wa keken kwaɗo, Baba ya daina cin abinci, ya zauna gabansa kamar mai zaman makoki, har na buɗe da hannuna. Na sa masa gorar ruwa a aljihu, ya ajiye ta a bakin ƙofa. Na ɗaura ta da leda, ya kwance, wai an ɓata masa keke. Yanzu na ciro ragowar fata daga akwatinsa, zan ɗinka wa gorar gida a jikin keken, don Baba bai taɓa wulaƙanta abin fata ba. Ban iya ba, Yaya, amma dabara ta ƙare mini.

Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan zazzabin ƙaramar ya sauka. Na ji ka ce ba za a ba ka hutu ba sai an gama aikin da ke hannu.

An gama gidan gorar. Na jiƙa fatar, na naɗe ta a jikin gora don ta ɗauki siffarta, na yanka da wuƙarsa, na yi ta hudawa da basilla har yatsuna suka yi jini. Ɗinkin ya fito kamar sawun kaza. Ina cikin fama Baba ya tsaya a kaina, ya karɓa, ya jujjuya, ya ce, "Yarinya, wanda ya koya miki ya ci amanarki."

Bai gane ni ba. Ya zauna ya warware ɗinkin kaf, ya goga wa zaren kakin zuma, ya soma da allura biyu, hannun da ke zubar da shayi ko rawa bai yi ba. Ya huda gindin don kada ruwa ya taru, ya sassauta bakin yadda gora za ta fito da hannu ɗaya, ya yanko maɗaurai ya ɗaure shi a kan keken, daidai inda idonsa zai riƙa sauka. Na yi masa godiya kamar baƙuwa, na shiga kicin na sha kukana.

Yana sha, alhamdu lillahi, gorar na dawowa rabi. Sai dai nisan da yake yi ya ƙaru, ni kuma da goyo ba zan iya bin keke ba. Mijina ya bi shi a babur, Baba ya tara masa jama'a wai ɓarawo ne.

Taka,
Auta

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Mu kam sai addu'a.

Ranar Alhamis Baba bai dawo ba. Mijina da mai faci sun zaga asibitoci, har ɗakin ajiye gawa sun leƙa. Washegari aka ga keken a gindin gada, sarƙa ta tsinke, gidan gorar ba komai a ciki. Na rungume gidan gorar a bakin titi ina ta faɗa wa kaina cewa tunda ya ɗauki gorar, yana raye.

Wata mai sayar da kayan miya ce ta gan shi can bayan gari, ƙarƙashin wata rumfa, ƙafafunsa sun kumbura, gorar na ƙirjinsa. Ta ce duk wanda ya wuce sai ya miƙa masa ita, a cika a ba shi. Likita ya ce ruwan ne ya riƙe shi, amma ƙodar ta taɓu, kuma da na tambaye shi ko zai tashi, sai ya ce in sanar da 'yan'uwa.

Baba bai ƙara tambayar keken ba, ba ya tambayar komai. Yau da safe ina goge masa fuska ya buɗe ido, ya daɗe yana duban ƙofa, ya ce, "Ina babban nawa?"

Na ce masa kana hanya. Yaya, kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Ƙanwarka,
Auta