Rasuwar Koci Delbert Kovarik da Gurbin da Ya Bari a Jikin Ƙwallon 1979

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Wasan Makarantar Sakandaren Marlow Bend ta samu labarin rasuwar ubanmu, malaminmu kuma kocinmu, mai girma Mista Delbert Kovarik, wanda ya cika da safiyar Talata a gidan gonarsa, yana da shekara tamanin da takwas.

Marigayin ne ya tattara mu a shekarar 1979, mu goma sha tara, 'ya'yan manoma masu zuwa atisaye da ƙaiƙayin masara a gashi, ya kai mu wasan ƙarshe na gasar ƙwallon zari-ruga ta jiha, inda muka doke makarantar da ta ninka tamu sau biyar, da maki sha huɗu da sha biyu, cikin dusar ƙanƙara. Ranar ko shagon aski ba a buɗe ba a garin nan. Har gobe, in sanyin Nuwamba ya sauko, wasunmu sai su ji kamar ƙarar usur ɗinsa daga bayan rumbuna.

Bayan wasan kowa ya sa hannu a jikin ƙwallon, ban da shi. Muka bar masa gurbi kusa da ɗinki, faɗin yatsa biyu. Ya ce kofi ɗaya sa'a ce, sai makarantar ta kawo na biyu zai rubuta sunansa. Tun daga nan ƙwallon yake zagaya gidajenmu, kowa shekara guda, kuma duk taron da muke yi lokacin kaka sai mun miƙa masa alƙalami, shi kuwa sai ya kira mu ragwaye, ya ce mu je mu haifo masa masu gudu.

Kofi na biyu bai zo ba. Shekara uku ke nan da aka haɗe makarantarmu da ta garin maƙwabta, filin kuma ya koma wurin ajiye injinan girbi. A watan jiya mu bakwai da muka rage a gari muka kai masa ƙwallon har bakin gado, muka roƙe shi, tsofai-tsofai da mu, har da hawaye. Ya karɓi alƙalamin, ya daɗe yana shafa sunayen waɗanda suka riga shi tafiya, sannan ya mayar mana da shi. Ya ce mu bar wurin, yara na nan tafe. Kaico, taurin kan Koci! Mun ji haushinsa a ranar, yau kuma kewarsa ta hana mu sakat.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, mahaifiyarmu Madam Arlene Kovarik, da 'yarsu Jolene, da jikoki baki ɗaya. Allah ya ba su juriyar wannan babban rashi, ya ba shi hutawa ta har abada.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a cocin garin, kuma ƙwallon zai kasance a gefen akwatin gawa. Ƙungiya na roƙon jama'a, komai ƙauna, kada kowa ya rubuta masa sunansa a gurbin nan.

Sa hannu:
Lyle Swoboda
Kakakin Ƙungiya, mai riga lamba 62 a tawagar 1979