Gudun Dutse a Rijiyar Gidanmu

Zuwa ga ɗana Mai-sunan-Malam, a Ikko.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Mu nan Hunkuyi lafiya lau, in ka ɗauke gwiwa. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka ajin yaƙi da jahilci ya yi, kuma har yau ba a san wanda ya ci yaƙin ba.

Dalilin takardar nan, an taɓa mini talatin da biyu ɗinka.

Ka tuna hutun da ka dawo daga makarantar Zariya, ina haƙa rijiya a Likoro? Ka tsaya a baki, ka saki tsakuwa, ka ce duk abin da ya faɗo, gudunsa na ƙaruwa da ƙafa talatin da biyu kowane sakan, ko dutse ne ko Sarkin Noma. Ni da nake auna zurfi da gaba, na riƙe lambar nan kamar laya. Duk majalisar da aka fara taƙama da 'ya'ya, sai in jefa ta, kowa ya yi tsit. Wasu keke ake aiko musu, ni nawa ilimi ya bar mini.

Ran kasuwa na jefa ta gaban Malam Tanimu, sabon malamin firamare. Ya ce ai an daina, sabon littafi ya ce tara da ɗigo takwas. Na ce shi ke nan, an canja hannun tuƙi, an canja fam da sule, yanzu gwamnati ta kafa wa dutse doka ya rage gudu. Har na tambaya ko dokar ta shafi rijiyoyin da aka haƙa tun zamanin Turawa. Masu awon dawa sai da suka ajiye mudu don dariya.

Na koma gida na yi ta sakin tsakuwa a rijiyarmu ina kasa kunne. Ban ji ta makara ba. Tsoho da gemu yana jifan ruwan shansa, ba ma mai hana shi. Da mahaifiyarka na da rai, da ta ce, "Malam, in ka cika ta da duwatsu, a hularka za mu sha?"

Da la'asar Malam Tanimu ya biyo ni, ya zana mini a ƙasa. Sabon awon sunansa mita, kowace mita ƙafa uku ce da ɗan ƙari. Taran nan da ɗigonta sau uku, an kusa talatin. Da ya tattara 'yan ƙarin, sai ga talatin da biyu tana kallona. Ashe dutse bai san an yi komai ba, sandar awo kawai aka sauya. Na gwada da ƙafata lissafi ya ƙi, ya ce ai ƙafar Bature ake nufi. Na ce to, ita ma ta bi mai ita gida.

Na ji daɗi, ɗana, sai dai ba wanda zan ba labari. Rabonka da gidan nan tun zaman makokin mahaifiyarka. An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ba a faɗi yaushe ba. Kai da kake auna filayen mutane a ofishin safiyo, auna mini wannan.

Ga gaskiyar magana. Rijiyar gida ta cika da laka, har da gudummawar tsakuwata, tana son yasa kafin bazara ta tsananta. Ba zan bar wani ya shiga rijiyar da na haƙa wa mahaifiyarka ba. Ka san ƙa'idarmu: ba a sauka sai da naka a baki, yana ta jan ka da hira. In na ƙasa ya yi shiru, iskar rami ta kama shi, sai a jawo da sauri. Masu jan igiya ba su da wuya, goro ne kuɗinsu. Amma wanda ya san bambancin shiruna na aiki da wancan shirun, daga marigayiya sai kai.

Bayan Sallah zan shiga, ko da kai ko ba kai. Jirgin ƙasa yana zuwa Zariya, motar Hunkuyi ba ta ƙarewa. In ka zo, ka zuba mini duk surutun bokon da ka ga dama, zan amsa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a garin mutane, ya jiƙan mahaifiyarka. Allah ya sa ranar in na ɗaga kai daga ƙasan ramin, kanka zan gani ya tare mini haske.

Ni ne ubanka,
tsohon mai haƙar rijiya.