Ban Yanke Rigarki Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina rubuto miki ne daga shagona na Gummi. Rigarki shuɗiya tana shimfiɗe a kan tebur a gabana. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma kin san halina: ba na gane abin da ke raina sai na gan shi a rubuce.

Inna, autarki Hajara ta sauka lafiya. Mace ta samu, kuma sunanki za a sa mata. Da waya ta kama a can Gwashi, ta kira ni ta ce, "Yaya Balki, rigar Inna nika so in sa ran suna. Ki rage mani ita. In na sa ta haka, sai in share garin nan kaf kafin in kai zaure." Muka yi dariya. Tana kashe wayar, na ɗauko rigar na tsaya ina kallonta.

Ke kika koya mini ragin doguwar riga. Mai riga ta sa ta, ta sa takalmin da za ta fita da shi, ta tsaya a kan daɓe mai laushi ta dubi gabanta. Ni kuma in durƙusa da guntun sabulu ina zagaya ta, ina aunawa daga ƙasa zuwa sama, ina ɗiga alama. Idan ta sunkuya ta ga abin da nake yi, sai ki ce, "Ɗaga kanki, baiwar Allah, ba kuɗi anka zubar ba." Kuma kin sha gaya mini, "Balki, ba a sa almakashi ga rigar wadda ba ta tsaye gabanki."

Shekaru nake bin wannan. Mata sun yi fushi da ni a kai, sun kai wa wasu teloli, ban sauya ba.

To Hajara ba za ta tsaya gabana ba. Mai jego ce, kuma ko ba jego, hanyar nan ba yadda kika san ta take ba. Mutanen daji sun riƙe ta. Wanda ya fita sai an ji muryarsa a waya ake sauke numfashi. Ni ma ba zan je sunan ba. Malam, maigidana, ya ce a'a, kuma gaskiya ko bai ce ba ƙafata ba za ta ɗauke ni ba. Tun rasuwarki ban sake ganin Gwashi ba. Daga gida zuwa shago, daga shago zuwa gida, iyakar duniyata ke nan.

Abin da ta aiko shi ne tsumma. Ta yage gefen wani tsohon zani, maƙwabciyarta ta gwada a jikinta, suka ƙulla ƙulli a inda take son rigar ta tsaya. Ɗanjuma mai babur, wanda har yanzu yake kasadar bin hanyar, ya kawo mini shi a aljihu.

Na shimfiɗa tsumman a kan rigar, na ɗauke, na sake shimfiɗawa. Daga kafaɗa suka fara ko daga wuya? Da takalmi ta tsaya ko ba takalmi? In na ja shi ya ƙara tsawo, in na sake shi ya koma. Kuma ke kika nuna mini cewa cikin mai jego bai gama komawa ba, yana ɗage gaban riga, bayanta kuma ya sauka. Tsumma bai san wannan ba. Na ɗiga sabulu na goge har wurin ya yi fari.

Da na faɗa wa Hajara, sai ta ce, "To ki kama ta da zare sama-sama. In na yi arba'in in taho da ita da jinjirar, in tsaya gabanki kamar soja, ki daidaita."

Inna, nan ne na rasa mafita. Babu abin da nake so kamar wannan. Ina son in ga mai sunanki, in durƙusa a gaban Hajara da sabuluna, in ce mata ta ɗaga kai. Amma kin san 'yarki. In ta ce za ta zo, za ta zo. Muddin akwai zaren wucin gadi a ƙasan rigar nan, tana da dalilin hawa babur da jinjira a baya. In na bi ƙa'idarki, ni na kira ta kan hanyar. In na sa almakashi, na yanke rigarki a kan zato, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Wannan rigar ce kike sawa kowace Sallah. Har yanzu akwai ɗan tabon man keken ɗinki a hannun dama.

Ga abin da na yi, ki yafe mini. Ban yanke ba. Na naɗe abin da ya yi saura zuwa ciki, ninki biyu, na bar gaban ya ɗan fi bayan tsawo bisa abin da nake zato. Na danne da dutsen guga, na kalmashe da hannu, ɗinki ƙanana a matse, irin wanda ba a farke shi da wasa. Ƙasan ya yi kauri, ya yi nauyi. Da kin gani da kin ja tsaki kin ce wane ne ya koya mini wannan. Wataƙila ta yi mata tsawo, wataƙila ta ɗangale. Ba zan gani ba.

Ɗanjuma ya leƙo ɗazu ya ce, "Hajiya, ki ba ni da sassafe. In rana ta karkata, ko uwata ta kira ni ba ni bin hanyar nan." Zan ba shi gobe, in Allah Ya kai mu, da saƙo guda: ya ce wa Hajara aiki ya ƙare, babu sauran gyara, kada ta dawo mini da ita.

Ba zan gaya mata tsawonki yana nan a naɗe a ciki ba. In ta sani, za ta zo.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki. Ya raya mai sunanki. Ya buɗe mana hanyar nan, ko da sai yarinyar ta yi tsawon da za a warware mata kalmasar ta tsaya gabana. In idona yana gani a lokacin, daga ƙasa zan auna, yadda kika ce.

'Yarki mai kewarki,
Balkisu