Jarkar Feshin Albasa

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina gida? Yaya jikin Malam, da yara, da zaman Kumasi? Mu nan Aliero sai godiya, amma mun ga tashin hankali.

Kin san na raba wa yara aikin gida, na kuma ce duk wanda ya yi wani aiki ba a sa shi ba, yana da tukuici. Ɗiyarki Safiya ƙunshin lalle ta zaɓa a matsayin nata tukuicin. Ranar Talata na shiga maƙwabta barka, ta ga randa ba ruwa, ta ɗauki jarka ta yi ta jido har ta cika ta. Ashe jarkar da babansu yake dama maganin feshin albasa a ciki ce.

Ko da na dawo, ƙaninta Ummaru ya riga ya sha, yana ta amai, yawu na dalala. Ita kuwa ta tare ni a zaure da murna: "Inna, zo ki ga abin da na yi!"

Yaya, ban san yadda muka kai asibiti a Jega ba. Likita ya ce ya tsallake, amma a sa ido. Ko tari ya yi sai na ruga na duba shi. Randar mun fasa ta.

Safiya kuwa ko tsintsiya ba ta taɓawa yanzu sai ta tambaye ni. Jiya na kwaɓa lallen, tunda na yi alkawari, sai ta ɓoye hannuwanta a baya tana kuka.

Ki gaishe da Malam da yara. Don Allah ku sa mu a addu'a, ba Ummaru kaɗai ba.

Ƙanwarki,
Rabi