Koren Maɓalli

Alhamis, 6 ga Maris

Mai Fito yana asibiti. Kafaɗa da haƙarƙari. Sun ce zai rayu.

Ba zan iya rubuta fiye da haka ba yau.

Juma'a, 7 ga Maris

Bari in faɗa yadda abin ya faru, ko a nan ne.

A kamfaninmu, injin mai hannun ƙarfe da ke jera kwalayen garin sabulu yana cikin keji a ƙasa. Ni ina sama, ɗakin gilashi, da alluna a gabana. Idan mutum ya shiga kejin, injin yana gani ya tsaya da kansa, ƙararrawa ta yi kuka. Aikina in duba kyamara, in tabbata ba kowa, sannan in danna koren maɓalli. Shi ke nan aikin da ya sa ake ce mini Uwar Inji, ni kuma har ina jin daɗin sunan.

Matsalar, ƙurar sabulu tana rufe masa ido. Ya tsaya ba dalili, safe da rana, har kunnena ya daina jin ƙararrawar. Hannuna ya koyi dannawa shi kaɗai.

Jiya bayan hutun rana ina waya da maigida, muna cacar baki kan wanda zai ɗauko yarinya daga makaranta. Ƙararrawa ta yi. Na danna. Sai da na ɗaga kai na ga shuɗiyar rigar aiki a allo, a sunkuye, yana gyara bel ɗin da ke kawo kwalaye. Bakanikenmu, Mai Fito. Mutumin da ake jin fitonsa tun daga bakin ƙofa kafin a ga fuskarsa.

Na buga jan maɓalli, amma ƙarfen ya riga ya matse shi da bango.

Wayar tana kan tebur, maigida yana ta "Kina ji na kuwa?"

Litinin, 10 ga Maris

Manaja ya tara ma'aikata, ya ce da ba don saurin hannuna ba da gawa za a fitar. Aka tafa mini. Wata mai shara ta riƙe hannuna tana sa mini albarka.

Na shiga banɗaki na daɗe.

Laraba, 12 ga Maris

Na faɗa wa kwamitin bincike. Ban tsara ba, bakina ne ya buɗe. Na ce ban duba kyamara ba, waya nake yi.

Na ɗauka ɗakin zai girgiza. Jami'in tsaro ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Malama, duk masu zama kujerar nan haka suke yi. Injin ne bai kamata ya yarda ya tashi ba." Manaja ya ce in bar zancen waya, ba ya amfanin kowa. Abin da suka riƙe shi ne Mai Fito bai rataya kwaɗo a kan makunnin wutar injin ba kafin ya shiga, kuma doka ce. Ana maganar ko zai dawo aiki ko ba zai dawo ba.

To. Na kai kaina, an ce in koma gida da kayan laifina. Abin kunyar, da na fito sai na ji sanyi a raina. Na ji daɗi. Har na tsaya na sayi lemo.

Asabar, 15 ga Maris

Na je asibiti. Na yi ta zagaye a harabar kafin in shiga.

Matarsa ta tashi ta ba ni kujera, tana "Yaya, ke ce? Ke ce kika tsayar da injin?" Ta ce yaransu sun san da ni. Yana kwance an naɗe shi daga wuya zuwa ciki, numfashi ma da dabara yake yi. Ya ce mata ta je ta karɓo magani.

Da ta fita na fara magana, ya ɗaga yatsa. Ya ce ya sani. Ya ce duk wanda ya yi aiki a ƙasa ya san ƙarar injin da aka duba kafin a tayar, da wanda aka tayar kawai.

Na ce me ya hana shi sa kwaɗon. Ban san me ya sa na tambaya ba. Wataƙila ina neman wanda zan raba kayan da shi.

Ya ce, "Aikin minti ɗaya ne. Na ɗaga kai na hango ki a kujera, na ce ai Uwar Inji tana nan."

Ba da faɗa ya faɗe shi ba. Da ma ya zage ni.

Lahadi, 16 ga Maris

Na ƙona abinci. Mama ta ce tun da ta haife ni ba ta taɓa ganin ina kallon tukunya tana ƙonewa ba. Na ce mata ai na saba.

Ba ta gane ba, ta yi dariya.

Talata, 18 ga Maris

Maigida ya ce ba laifina ba ne, shi ya kira ni a lokacin aiki. Na ce ya bar min abina. Ya ɗauki yarinya suka fita. Shi ma ban kyauta masa ba.

Alhamis, 20 ga Maris

An kawo masu gyara sun goge wa injin ido, sun ce an magance. Kafin azahar ya tsaya a banza kamar da.

Yatsana ya kai kan maɓallin kafin in sani. Ya kai. Bayan duk wannan. Na zauna a kan hannuna kamar ƙaramar yarinya.

Kyamarar ma ba ta nuna bayan bel, sai yau na lura. Shekaru ina kallon allon nan.

Talata, 25 ga Maris

Yanzu in ya tsaya, sauka nake yi in leƙa kejin da idona. Masu ɗaukar kaya sun fara tsokana, wai Uwar Inji ta zo shayar da ɗanta. Gwiwoyina sun gaya mini.

Na rubuta wa kwamiti cewa in za a kori Mai Fito kan kwaɗo, a haɗa da ni kan maɓalli. Ba amsa. Abokiyar aikina ta ce ina tona wa kowa asiri. Gaskiyarta, ita ma dannawa take yi.

Litinin, 7 ga Afrilu

An sallami Mai Fito daga asibiti, yana gida. Hannun dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. An ce za a ba shi sito ya riƙe. Ban sani ba ko takardata ce, ko kunya suka ji. Ban je gidan ba tukuna. Matarsa har yanzu ba ta sani ba, shi bai gaya mata ba, ni kuma...

Yau motoci sun yi layi suna jiran kaya, manaja ya hawo ya tsaya a bayana. Injin ya tsaya. Ya ce, "Ƙura ce, danna." Na duba allo, ba kowa. Ya sake cewa in danna. Na tashi na sauka, ina jin idonsa a bayana har ƙasa.

Ƙura ce kuwa. Ba kowa a ciki.

Na hawo ina haki, ya wanke ni tas a gaban mutane, ya ce kamfani ba gidan ubana ba ne. Na zauna, na danna, aiki ya ci gaba.

Sai a mota ina dawowa na tuna ban ba manaja haƙuri ba. Mantuwa ce, ina jin.