Kun Ƙayyade Mana Awoyi, Kun Hana Mu Riƙe Wuƙa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Horar da Likitoci na asibitinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni likita ce mai koyon aikin tiyata a ƙarƙashinku, ina shekarar ƙarshe, kuma raina a ɓace nake rubuto wannan.

Na ɗaya. Ba na adawa da dokar ƙayyade awoyin aiki. Ina cikin waɗanda suka nemi a yi ta, don na sha yin barci a Keke Napep har a wuce da ni Anguwan Rogo. Amma kun ɗinka riga ba ku gwada mai sawa ba. Agogonku yana fara lissafi da sassafe, alhali ba a shiga tiyata sai an tayar da janareta, an dafa kayan aiki, oga, babban likitan tiyatarmu, ya iso daga asibitinsa na kuɗi. Kafin nan awoyina sun ƙare a neman jini da bin sakamakon gwaji. Horo ke nan ko aikin masinja?

Na biyu. Makon jiya aka kawo wani manomi daga Kuru, Baba Pam, hanjinsa ya naɗe. Ni na karɓe shi, na sa masa ruwa, na lallashi matarsa ta yarda a yi aiki. Oga ya ce yau ni zan riƙe wuƙa, shi ya tsaya a kaina. Tun bara nake jiran wannan damar. Ina cikin wanke hannu jami'inku mai lura da awoyi ya leƙo, wai lokacina ya cika, in na shiga na karya doka. Aka kira abokin aikina wanda ko fuskar mutumin bai sani ba. Na koma gida ina huci, hutun da kuke tutiya da shi ko ƙamshinsa ban ji ba.

Washegari matar Baba Pam ta tare ni a baranda, ta riƙe hannuna ta ce, "Likita, Allah ya sa wa wannan hannu albarka." Kunya ta hana ni faɗa mata cewa sabulu kaɗai hannun ya taɓa.

Ga roƙona. A ɗauki waɗanda za su yi zirga-zirgar jini da gwaji. A tilasta wa manya shiga tiyata kan lokaci. Wanda ya karɓi maras lafiya a bar shi ya kammala aikinsa, a rama masa hutunsa washegari.

Baɗi za ku shaida cewa na ƙware, a tura ni wani asibitin ƙauye inda babu na gaba da ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya rasa ransa a hannuna saboda abin da ba ku bari na koya ba, ni za a nuna da yatsa, amma sa hannunka ne a kan takardar shaidata.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da ɗaukar alhakin bayinsa.

Wassalam,
Dakta Hajara,
Anguwan Rogo, Jos.