Barcin itatuwan ceri

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki, ya su Lesieli?

Lafiya nake a kwarin Huon, sai sanyin Yuli, don a nan yanzu ne hunturu. Itatuwan ceri 412 da nake kulawa da su, masu ba da ƙananan jajayen 'ya'ya, sun zubar da ganye kaf. Na san sai sun huta awa dubu cikin sanyi suke fure, amma kullum nakan kankare ɓawonsu in ga kore, in tabbatar suna da rai. Beryl mai gonar ta ƙwace wuƙata: "Ke 'yar boko, za ki feɗe min gona! Barcinsu ibada ne, ƙyale su."

Haka na ƙyale Baba yana barci ranar tafiyata, bai kuwa sake farkawa ba. Ki sa ni a addu'ar Lahadi. Inna, da na fita, yana numfashi?

'Yarki,
Kalolaine